Sharhi: Gyaran ƙashin baya da hannu da batun ciwon sojojin Amurka

Ba kowane sojan da ya dawo daga fagen daga ne ke ɗauke da raunin harsashi ba. A rundunar sojin Amurka, ciwon baya da na wuya da na gaɓoɓi suna sahun gaba cikin abubuwan da ke kai soja asibiti, kuma suna daga cikin manyan dalilan sallamar sa daga aiki kafin lokaci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan, sojan ƙasa kan ɗauki sulke da makami da harsasai da ruwa da nauyinsu kan haura kilo 40, ya kuma yi doguwar tafiya da su a kan tsaunuka. Ga dira da laima, ga jijjigar motocin yaƙi.

Shekaru da dama, likitoci sun riƙa ba irin waɗannan majinyata magunguna masu ƙarfi na kashe raɗaɗi dangin ofiyam. Sakamakon bai yi daɗi ba, domin da yawa sun kamu da jarabar ƙwayoyin, wasu kuma sun rasa rayukansu. Wannan ya sa Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta ƙasar ta ƙaddamar da shirin taƙaita bayar da su a 2013, ta kuma ƙara mayar da hankali ga hanyoyin jinya marasa magani.

Ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne kayirofaraktik, wato gyaran ƙashin baya da hannu, wanda Daniel David Palmer ya assasa a garin Davenport na jihar Iowa a 1895. Ya bambanta da ɗori, domin ba karaya ake haɗawa ba. Ƙwararre ne ke dannawa tare da motsa gaɓoɓin ƙashin baya bisa ƙa'ida, don sassauta ƙagewa da rage zafi, sannan ya koya wa majinyaci motsa jikin da zai riƙa yi a gida.

Majalisar dokokin Amurka ce ta buɗe wa wannan jinya ƙofa. Bayan gwajin da aka fara a 1995, an mayar da ita haƙƙin sojojin da ke bakin aiki a wasu zaɓaɓɓun asibitocin soja, yayin da asibitocin tsofaffin sojoji suka fara bayar da ita a 2004. Sai dai inshorar lafiyar soja ta TRICARE ba ta biya wa iyalan sojoji da waɗanda suka yi ritaya kuɗin wannan jinya, lamarin da har yanzu ake muhawara a kansa.

Shin tana aiki? Binciken da aka fi kafa hujja da shi ya fito a mujallar JAMA Network Open a 2018, ƙarƙashin jagorancin Christine Goertz. An raba sojoji 750 masu ciwon ƙugu gida biyu a asibitin Walter Reed da asibitocin sojan ruwa na Pensacola da San Diego. Kashi ɗaya ya samu kulawar da aka saba, ɗayan kuma aka ƙara masa da gyaran ƙashin baya. Bayan mako shida, kashi na biyu ya fi samun sauƙin ciwo da kuzarin yin aiki.

To amma masu binciken da kansu sun bayyana sauƙin a matsayin matsakaici, kuma na ɗan lokaci suka auna. Masu suka sun ƙara da cewa majinyatan sun san jinyar da ake yi musu, don haka yawan kulawa da tsammanin waraka na iya taka rawa. Haka nan babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa hanyar tana maganin cututtukan da ba na ƙashi da tsoka ba, kamar yadda wasu masu yin ta ke iƙirari. Murɗa wuya da ƙarfi kuwa an alaƙanta shi da yagewar jijiyar jini da shanyewar ɓarin jiki, ko da yake ba kasafai hakan ke faruwa ba.

Saboda haka abin lura a tsarin Amurka shi ne matsayin da aka ba wannan jinya. A cikin asibiti ake yin ta, likita ne ke fara duba soja, ya tabbatar babu karaya ko ƙari ko matsewar laka, sannan ya tura shi. Tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da gashin ƙashi da motsa jiki, ba ta maye gurbinsu ba.

Ga Najeriya, wadda sojojinta ke fafatawa a Arewa maso Gabas tun 2009, kuma take fama da shan tiramol ba bisa ƙa'ida ba, akwai darasi a nan. Sojan da bayansa ke ciwo zai nemi sauƙi ko ta halin ƙaƙa. Idan asibitin barikinsa bai tanadar masa ƙwararrun da za su yi masa jinya da hannu da motsa jiki ba, mai sayar da ƙwaya a bakin titi ne zai cike gurbin.