Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa: Kada taurari biyar su ruɗe ki

Yau za mu ɗan fita daga asibiti da kicin mu leƙa teku, domin hotunan manyan jiragen ruwa na shaƙatawa sun cika mana wayoyi, kuma wasu iyalai da suka saba zuwa Dubai, Masar ko Umra sun fara tunanin gwadawa. Irin wannan jirgi otal ne mai tafiya a kan ruwa. A cikinsa za ki kwana, ki ci, ki sha, kusan kowace safiya kuma ki farka a wani sabon gari. Ɗaya daga cikin mafiya girmansu, Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami ta Amurka a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 ban da ma'aikata. Kin ga gari ne guda.

Bambancinsa da otal ɗin kan tudu shi ne, idan otal bai yi miki ba za ki iya tattara kayanki ki koma wani. A jirgi kuwa, da zarar an bar tasha, ke da yaranki kun shiga ke nan sai ranar sauka. Shi ya sa masu wannan tafiya suke dogaro da sharhin waɗanda suka riga su shiga, a wurare irin su Cruise Critic da Tripadvisor da YouTube. To amma sharhi iri-iri ne, kuma yawancinsa ba zai amfane ki da komai ba.

A aikinmu na jinya, idan abokiyar aiki za ta miƙa mini ɗaki ta ce "duk marasa lafiya suna nan lafiya", ba ta gaya mini komai ba. Abin da nake buƙata shi ne: wane gado, zafin jikinsa nawa, ƙarfe nawa aka ba shi magani, me ya faru da daddare. Haka sharhin tafiya yake. "Jirgin ya haɗu, taurari biyar" daidai yake da "suna nan lafiya". Sharhi mai amfani shi ne wanda ya faɗi wane ne ya yi tafiyar, yaushe, a wane ɗaki, nawa ya kashe, da abin da ya faru a ranar da abubuwa suka cakuɗe.

Fara duba wanda ya rubuta

Da yawa daga cikin masu rubuta sharhin nan Turawa ne da Amurkawa, wasunsu tsofaffi masu fansho da suke tafiya su biyu. Abin da ya dame su daban, naki daban. Dattijon da ya rage tauraro biyu saboda yara sun cika hayaniya a bakin wurin ninƙaya, ke albishir ya yi miki: yaranki za su sami abokan wasa. Wadda ta yaba jirgi saboda kiɗa da mashaya har asuba, ke gargaɗi ta yi miki. Don haka ki nemi uwa mai yara masu shekarun naki, ki karanta nata a tsanake. Sharhinta ɗaya ya fi miki na mutum hamsin da ba su taɓa goya yaro a layin abinci ba.

Ki duba kuma ko da kuɗinsa ya je. Kamfanoni kan gayyaci masu mabiya da yawa a intanet su ba su ɗaki kyauta, kuma wanda aka yi wa alheri da wuya ya nuna miki banɗakin da ya toshe. Sannan ki duba kwanan wata da sunan jirgin. Kamfani ɗaya na iya mallakar jirage fiye da ashirin, wani sabo fil, wani ya haura shekara ashirin yana aiki. Sharhin shekara biyar da suka wuce na iya zama labarin abincin da aka daina dafawa da farashin da aka daɗe da canzawa. Watan tafiyar ma yana da muhimmanci. A yankin Karibiyan, lokacin guguwa daga Yuni ne zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma a lokacin jirgi na iya sauya hanya ya tsallake garin da kika fi ɗokin gani.

Lambar ɗaki

Matafiyan da suka ƙware kan rubuta hawan da suka zauna da lambar ɗakinsu, kuma wannan na cikin abubuwan da masu karatu suka fi nema. Ɗakin da yake ƙarƙashin wurin ninƙaya ko kicin, ƙarar jan kujeru ce za ta tashe ki tun kafin asuba. Wanda yake saman wurin kiɗa, jaririnki ba zai yi barci ba sai tsakar dare. Ga mai saurin jiri da tashin zuciya, tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa ya fi natsuwa, domin gaba da baya da can sama su suka fi lilo idan teku ya motsa. Ɗakin ciki marar taga shi ya fi araha, amma ki nemi wadda ta kwana a cikinsa da yara uku ta faɗa miki inda ta ajiye akwatuna da keken jariri. Idan ɗaki mai baranda kike so, ki karanta ko ƙofar barandar tana da makulli a sama inda hannun yaro ba zai kai ba.

Kuɗin da ba a rubuta a talla ba

Farashin da kika gani a talla somin-taɓi ne. Manyan kamfanonin Amurka kan ƙara tukuicin ma'aikata a kan lissafinki kowace rana, kusan dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum, wasu har da yara. Iyali mai mutum biyar a tafiyar kwana bakwai, ko a kan dala 16 aka lissafa, dala 560 ke nan. Ga kuɗin intanet, ga lemon kwalba da a jirage da yawa ba ya cikin kuɗin tikiti, ga wanki, ga kuɗin yawon da za a kai ku a kowane gari. Sharhin da ya kawo jimillar abin da aka cire masa a ranar sauka, shi ne wanda za ki nuna wa maigida kafin a yanke shawara. Masu kirki kan kuma tunatar da ke ki kashe datar wayarki a tsakiyar teku, domin layin da waya ke kamawa a can ta tauraron ɗan adam yake bi, kuma tsadarsa ba ta misaltuwa.

Abin da idon nas yake nema

Ni idan ina karanta sharhi, wanda ya yi rashin lafiya a jirgi nake fara nema. Cutar da ta fi addabar jiragen nan ita ce amai da gudawa da ƙwayar norobairos ke haddasawa. Tana yaɗuwa ta hannu, ta cokalin zuba abinci, ta mariƙin ƙofa da maɓallin lif, kuma alamunta kan bayyana cikin awa 12 zuwa 48. Man tsaftace hannu na kwalba ba ya kashe ta yadda ya kamata, sai wanke hannu da sabulu da ruwa na aƙalla daƙiƙa 20. Saboda haka jimla ɗaya kamar "akwai wurin wanke hannu a ƙofar ɗakin cin abinci, kuma ma'aikaci na tsaye yana tura kowa" ta fi mini hotunan kek goma. Babba mai lafiya kan warke cikin kwana ɗaya zuwa uku, amma ƙaramin yaro da tsohuwa ruwan jikinsu na saurin ƙarewa. Ki sa ƙunshin gishiri da sukari na ORS a jakarki.

Ga jiragen da suke tsayawa a tashoshin Amurka, akwai abin da ya fi sharhi ƙarfi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, tana da shirin duba tsaftar jirage tun 1975. Jami'anta kan shiga ba tare da sanarwa ba su ba da maki cikin 100, kuma jirgin da ya sami 85 zuwa ƙasa ya faɗi. Ana wallafa sakamakon kowa ya gani. Wanda ya tuna jirgin Diamond Princess, da aka killace a Yokohama ta Japan a watan Fabrairun 2020 da mutum kusan 3,700 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona, ya san yadda cuta ke gudu a wurin da ba ƙofar fita.

Manyan jirage suna da likita da ma'aikatan jinya, amma ƙaramin asibiti ne kuma da kuɗi ake ganin likitan. Idan ciwo ya yi tsanani, sai dai a sauke mutum a tasha ta gaba, a wata ƙasar da bai san kowa ba. Ki nemi sharhin da ya faɗi nawa aka karɓa, awa nawa aka jira, da ko inshorar tafiya ta biya. Mai ciwon suga ko hawan jini ta ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, ta riƙe shi a jakar hannu. Mai amfani da insulin ta tambaya tun daga gida yadda za a ajiye mata shi, domin ɗan firjin ɗaki ba kullum yake sanyi sosai ba. Maganin jiri kuma kada ki ba ƙaramin yaro sai da shawarar likita.

Akwai dokoki biyu da suka shafe mu kai tsaye. Yawancin manyan kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai shiga mako 24 kafin a gama tafiyar, domin ba su da kayan kula da bakwaini. Ba sa kuma ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba, a doguwar tafiya irin ta tsallaka Tekun Atlantika ma sai ya cika shekara. A ƙofar shiga ake mayar da mutum, kuma sau da yawa kuɗin ya tafi. Haka nan yaron da yake sa famfas ba a barinsa ya shiga babban wurin ninƙaya, kuma ɗakin renon yara na kyauta a jirage da yawa daga shekara 3 yake farawa. Uwar da ta rubuta waɗannan ta cece ki daga kukan mako guda.

Ki lura kuma da abin da aka ce game da atisayen gaggawa. Bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara doka cewa a nuna wa fasinjoji wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Ki duba ko wata ta ambaci rigar ceto daidai jikin yara.

Abin da sharhinsu ba zai gaya miki ba

Mai fasfon Amurka ko Ingila ba zai yi maganar biza ba, domin ba ta dame shi ba. Ke mai fasfon Najeriya, Nijar ko Gana, tafiyar Bahar Rum daga Sifaniya ko Italiya sai da bizar Schengen. Idan kuma jirgin zai leƙa Turkiyya ko Tunisiya ya dawo, mai shiga sau da yawa kike buƙata, ban da sharaɗin ita ƙasar da za a leƙa. Wannan tambaya ce ta ofishin jakadanci da kamfanin jirgin, a rubuce.

Abincin halal ma haka. Wasu kamfanoni sukan tanada idan an sanar da su makonni kafin tafiya, wasu kuma kifi da ganye kawai za ki dogara da su. Ki nemi sharhin Musulmin da ya shiga wannan jirgin, ki ga me aka kawo masa a faranti, kuma ina ya yi salla. Ga wadda wannan ya fi damunta, Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Aroya daga Jidda a watan Disambar 2024, abincinsa halal ne, ba giya, kuma akwai wuraren salla. Akwai kuma ƙananan jiragen Kogin Nilu a Masar, masu yin kwana uku ko huɗu tsakanin Luxor da Aswan. A kogi ba igiyar ruwa mai sa jiri, amma a can abin dubawa a sharhi shi ne tsaftar abinci, ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki a watannin da zafi ke haura digiri 40, da ko akwai likita kusa.

Yadda za ki karanta

Ki tsallake masu taurari biyar da masu tauraro ɗaya, ki fara da masu uku da huɗu, domin su suka fi faɗin daɗi da rashinsa tare. Ki karanta aƙalla goma na watannin baya-bayan nan a kan jirgin da kike so. Ƙorafin mutum ɗaya na iya zama halinsa ne, amma idan mutum shida da ba su san juna ba suka ce lif yana ɗaukar minti goma ko banɗaki yana wari, to mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki ɗauki hoton dokar ciki da ta shekarun jarirai daga shafin kamfanin da kansa, ki ajiye a wayarki, domin sharhi ba ya maye gurbin doka.

Idan kuma Allah ya kai ki kika dawo, ki rubuta naki. Ki faɗi watan, sunan jirgin, lambar ɗakin, shekarun yaranki, bizar da aka nema, abin da kuka ci da jimillar abin da kuka kashe. Sharhin matan da suke tafiya da irin fasfonmu da irin buƙatunmu ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma wata uwa tana can tana nemansa kafin ta fitar da kuɗin da ta daɗe tana tarawa. Wadda ta taɓa shiga a cikinku, ta bar mana bayani a ƙasa mu ƙaru. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.