Gashin Kayan Lambu

Da kaka, duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram zai ga yara a bakin gona sun hura wuta suna gasa masara, waɗansu kuma sun turbuɗe dankali cikin toka. Ba wanda ya koya musu wannan a makaranta. Amma da an koma gida sai a manta da gashi. Kabewa da gauta da karas da kabeji duk tukunya ce makomarsu, a yi ta dafa su har su narke.

Wannan kuwa hasara ce. A cikin kayan lambu akwai wani abu mai tsare lafiyar jiki, ana ce da shi bitamin C, kuma ruwa yana kwashe shi. In aka dafa kabeji aka tsiyaye ruwan, to, an zubar da wani kashi na amfaninsa. Wuta ma takan rage shi, amma abin da ya saura yana nan cikin abincin. Ga kuma daɗi, domin zafin garwashi yakan ƙafar da ruwa, zaƙi ya fito. Shi ya sa gasasshen dankali ya fi dafaffe garɗi.

Akwai wani irin kabeji da ake kira farin kabeji, kansa dunƙule kamar tarin auduga. Yana son sanyi, don haka a wajen Jos aka fi noma shi, kuma kafin ya iso ƙasar Jigawa ya yi tsada. Wanda ya sa kuɗinsa ya saya, sa'an nan ya dafa shi ya zama kunu, ai ya cuci kansa. Gara a wanke shi, a yayyanka, a shafa masa man gyaɗa kaɗan da gishiri, a jera a kasko bisa garwashi. A riƙa juyawa har gefensa ya yi ja. A barbaɗa yaji. Haka ake yi wa albasa da tattasai da kabewa, sai dai kabewa ta fi daɗewa kafin ta nuna.

Waɗansu sukan ce gashi abincin gona ne, ba a kai wa baƙo. To, tsire fa? Shi ma gashi ne, har gidan sarki kuwa ana kai shi.

Amma fa wuta ba abin wasa ba ce. Kada yaro ya hura ta kusa da dami ko danga, balle da hunturu, sa'ad da iska ke kaɗawa, ciyawa ta bushe. Kada kuma a shiga ɗaki da garwashi a rufe ƙofa, gama iskar da ke fita daga cikinsa ba ta da wari, tana kuwa kisa. Rogo ma a lura da shi. Mai ɗaci yana da dafi, gashi kaɗai ba ya raba shi da dafin, sai an fere shi an jiƙa kwanaki.