Ina Ruwan Goro Ya Tafi?

Wani abu ne yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanan baya a Ajingi, 'yar wana da ke aji biyar na sakandare ta kawo mini aikin gida. An ba su hoton babbar riga, an ce su siffanta ta da Turanci. Layi biyu ta rubuta ta cije. Na ce to, faɗa mini da Hausa. Ta ce, "Baffa, ai riga ce mai kyau."

Nan na gane matsalar ba ta Turanci ba ce. Yarinyar ba ta san aikin ƙirjin rigar aska takwas ake ce masa ba, balle ta bambance saƙi da tsamiya. Wanda ba shi da sunan abu a bakinsa, me zai nema a ƙamus?

Laifin har da mu marubuta. Buɗe littafin soyayya ka gani: jaruma ta sa leshi "bulu", ta yafa gyale "burawun". Ina shuɗi, ina ruwan ƙasa? Ina ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, algashi? Ga ja jawur, baƙi ƙirin, kore shar, mun ajiye. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, rinin baba kaɗai hawa-hawa ne, daga mai haske har wanda ya kusa baƙi, a kai shi mabuga ya dawo yana sheƙi.

Sai da ta lissafa kalmomin Hausa goma sannan muka ɗauko ƙamus. Aska takwas ta gagare mu, muka bar ta da sunanta.