Mafarki da Buri: Jitar da Ba Ta da Gida a Tamale

A Hausar da aka gada, mafarki abu ne da ake gani cikin barci. Mutum ya farka ya ba da labari, in abin ya dame shi ya nemi malami ya fassara masa, ko ya yi sadaka ya shiga harkarsa. Ba a bin mafarki, ba a kuma cim masa. Abin da ake sa wa a gaba, a yi masa tanadi, a jure wahala dominsa, sunansa buri, ko guri a bakin wasu. Sai ga shi 'yan shekarun nan wata magana ta shigo ta rediyo da wayar salula, ana ce wa matasa su bi mafarkinsu. Fassara ce ta kai tsaye daga Turanci, kuma da a nahawu kaɗai ɓarnarta ta tsaya da an kau da kai. To amma mai buri yakan zauna ya yi lissafi: nawa ne kuɗin, wa zai koya mini, wa zai saya, yaushe zan ci abinci da abin. Mai mafarki kuwa an ɗauke masa wannan nauyi, an ce ya dai ci gaba da gudu.

Inda wannan magana ta fi ciwo shi ne wajen saurayin Tamale da son kiɗan rok ya kama. Ba shi ne kiɗan da ke tashe a garin ba, domin kasuwa ta masu hiplaif da dansihol da rege ce. Saboda haka wanda ya kamu da shi yakan kamu shi kaɗai. A waya ya fara jin Jimi Hendrix ko Santana, ya ƙarar da kuɗin data yana kallon yatsun mutanen da ba su san da shi ba, ya tara abin da ya samu ya sayi jita ta hannu, tsarkiya ta tsinke ya jira mai zuwa Kumasi. Ya iya, har ya ƙware, amma ba shi da mai ganga, ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da wanda zai gayyace shi suna ko aure. Shekara biyar, shekara goma, sa'o'insa sun yi aure sun buɗe shago, shi yana nan yana jiran ranar da wani zai gano shi daga Akra, wadda tsofaffin zango ke kira Ankara, mai nisan kusan kilomita 600, ko ma daga Landan.

Jama'a biyu ne suka raba laifin wannan saurayi a tsakaninsu. Na farko su ne masu zagi, waɗanda da sun ga jita sai su ce ɗan iska, kiɗan Turawa, ba namu ba ne. Hujjarsu ta fi sauƙin rushewa. A ranar 6 ga Maris 1971 aka yi gagarumin wasan Soul to Soul a dandalin Black Star da ke Akra, inda Santana da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka hau dandamali ɗaya da makaɗan ƙasar. Kafin nan, a 1969, Teddy Osei da Mac Tontoh da Sol Amarfio, dukkansu 'yan Ghana, sun kafa ƙungiyar Osibisa a Landan tare da wasu makaɗa, suka gauraya rok da gangunan gida har Turawa suka riƙa sayen faifansu. Jita mai lantarki ta yi zamaninta a Ghana. Abin da ya karya ta kuwa sananne ne: bayan Rawlings ya karɓi mulki ranar 31 ga Disamba 1981 an sa dokar hana fitar dare wadda ta kai 1984, gidajen rawa suka mutu, aka kuma lafta wa kayan kiɗa haraji mai nauyi a matsayin kayan alatu. Makaɗa suka watse, wasu Jamus, wasu Nijeriya, wasu suka fake a majami'u. Game da baƙunta kuma, masu gogen Dagbon kansu suna danganta asalinsu da ƙasar Gurma, ga shi yau ba wanda ke kiran goge baƙo a fadar Ya-Na.

Na biyu su ne masu tafi, kuma laifinsu ya fi girma, domin zagi yakan sa mutum ya tsaya ya duba kansa, tafi kuwa ingiza shi yake yi. Hujjarsu ɗaya ce a Tamale: Fancy Gadam. Yaron Hausa Zongo ne, Mujahid Ahmed Bello, wanda ya cika filin wasa na Aliu Mahama mai ɗaukar kimanin mutum 20,000, ya karɓi kyautar sabon mawaƙi a gasar waƙoƙin Ghana ta 2017, a 2018 kuma waƙarsa Total Cheat, wadda ya yi da Sarkodie, ta zama waƙar shekara. Duk wannan gaskiya ne, kuma abin alfahari ne ga arewa. Sai dai masu kafa hujja da shi sukan tsallake abu biyu. Shi ba rok yake yi ba, kiɗan da matasan garinsa ke rawa da shi yake yi, da harshen Dagbani da suke ji, ya kuma cika filin gida tun kafin Akra ta waiwaye shi. Abu na biyu lissafi ne: a daren da mutum ɗaya ke kan dandamali, dubu ashirin a ƙasa suke. Wanda ya nuna wa yaro dandamalin ya ɓoye masa yawan 'yan kallo ya yi masa rabin gaskiya, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

To, a ce ma an shiga birnin. Labarin Kiki Gyan ya isa a karanta wa duk mai cewa Landan ce ƙarshen wahala. An haife shi a Takoradi a 1957, ya shiga Osibisa yana ɗan saurayi a matsayin mai kaɗa madannai, ya zaga duniya kafin sa'o'insa su gama makaranta. Ya bar ƙungiyar ya yi faifansa na kansa a 1979. Daga nan miyagun ƙwayoyi suka kama shi, suka cinye dukiya da lafiya da basira, ya ƙarasa rayuwarsa a Akra cikin talauci, ya rasu a watan Yuni 2004 yana da shekara 47. Wannan shi ne wanda mafarkinsa ya tabbata. Masu wa'azi za su ce ga sakamakon kiɗa, amma kiɗan ba shi ya kashe shi ba. Yaro ne aka ɗauke daga gida aka jefa cikin kuɗi da yabo, ba uba a kusa, ba maigida, ba mai ce masa bari.

Abin takaici shi ne Tamale ta fi kusan kowane gari sanin yadda ake raya makaɗi, ta kuma ƙi yin aiki da saninta a kan jita. Lunsi, wato makaɗan lunga ta Dagbon, wadda ta yi kama da kalangu, suna danganta kansu da Bizung ɗan Naa Nyagsi. Yaro yana tasowa a gidan kiɗa, yana bin manya kasuwa da jana'iza da suna da bikin Damba, yana haddace sunayen sarakuna da kirarinsu. Yana da malami, yana da lokacin aiki a kalandar gari, yana da rabonsa daga abin da aka liƙa. Ba ya jiran a gano shi, tun da kowa ya san gidansu. Wannan ilimi ne ya jawo John Chernoff daga Amurka ya zauna a gaban Alhaji Ibrahim Abdulai a Tamale, ya fitar da littafi a 1979. Baƙo ne ya zo wurin lunsi, su ba su je ko'ina ba. Hausawan zango ma sun san wannan tsari a wurin makaɗan sarauta da na sana'a: kowane kiɗa da uban gidansa, na mahauta daban, na maƙera daban. Kiɗan da ba shi da uban gida kuwa, ko mai daɗi ne, maraya ne.

Kada a ce jita ba za ta iya samun irin wannan gida ba. Ta samu a Nijar. Mdou Moctar, Buzu daga yankin Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a gidan da ba a son kiɗa. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da salon muryar waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har suka faɗa hannun Christopher Kirkley na Sahel Sounds. Yau mujallun rok na Amurka suna lissafa shi cikin gwanayen jita, faifansa Afrique Victime na 2021 kuma kamfanin Matador ne ya fitar. Masu tafi za su so su ƙara shi cikin jerin hujjojinsu, alhali labarinsa yana ƙaryata su. Kafin Amurka ta ji shi, shekaru ya yi yana kiɗan aure a Nijar, da Tamashek, ga mutanen da ke biyansa domin suna buƙatarsa ranar biki. Can jita ta shiga al'ada, tana da ranar aiki da farashi. Ko da Kirkley bai zo ba, makaɗi ne mai sana'a.

Abin da saurayin Tamale ya rasa ke nan, kuma ba abu ne da ya fi ƙarfin gari ba. Mai ɗaurin aure da zai biya dubban sidi ya ɗauko mai sa faifai da lasifika yana iya ɗaukar makaɗa huɗu masu kiɗa da hannu. Gidajen rediyon garin suna iya ware sa'a ɗaya a mako. Shi ma saurayin da nasa laifin: muddin yana kwaikwayon Hendrix da Turancin da mahaifiyarsa ba ta ji, yana ƙyamar zama kusa da mai lunga ko mai goge ya ga inda jita za ta shiga tsakaninsu, ba shi da bakin zargin kowa da rashin saurare. Akwai ma wurin farawa. Mohammed Alidu, wanda shi kansa daga zuriyar lunsi ya fito ya kuma yi kiɗa a ƙasashen waje, ya dawo ya buɗe makarantar kiɗa da rawa ta Bizung a Tamale a 2010, da taimakon gidauniyar Playing for Change. Makaranta ɗaya dai ba ta isa ba, kuma yaran da take yayewa za su fito su tarar da gari ɗaya da wanda na gabansu suka tarar, inda mai biki ke tambayar kuɗin lasifika kafin ya tambayi sunan makaɗi.