Ɗanyen nama ko abincin buhu? Ni dai na ce a ɗora tukunya

1/ 'Yan uwa masu kiwon kare, ku matso. Wannan musun da ake ta yi a Facebook da TikTok, wai ɗanyen nama ya fi ko abincin buhu na kamfani, musun wasu ne muka ara. Zaren nan da ɗan tsawo, amma da lafiyar yaran gidanku a ciki.

2/ Daga Bebeji zuwa Kiru, Tudun Wada har Doguwa, kare ma'aikaci ne. Mafarautan gefen dajin Falgore, Fulanin ruga, mai gona da ke gadin masara, kowa da dalilinsa. Yanzu kuma samari sun shigo da karnukan ƙasar waje, su Alseshan da Bobul, tare da shawarwarin da suka gani a bidiyo.

3/ Masu ɗanye suna cewa kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuma ba ya girki. To, da gaskiya a asalin, amma an daɗe da raba hanya. A 2013 masu bincike a jami'ar Uppsala ta Suwidin sun nuna cewa ƙwayar halittar da ke narkar da sitaci, kyarkeci biyu gare shi, kare kuwa daga 4 har 30. Wato karen kakanka da ya rayu a kan tuwo da ƙanzo ba cutarsa aka yi ba, cikinsa ya san hatsi.

4/ Kuma Baturen da ka gani yana jera wa karensa ɗanyen nama a faranti, naman da likita ya duba ne, daga firiza mai wuta dare da rana. Duk da haka ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ba ta goyon bayan abin, saboda Salmonella da ire-irenta. Kai fa? Ragowar mayanka ce a leda, ta wuni a zafin watan Afrilu, ƙuda ya gama zagaye ta.

5/ Ga wurin da nake so ku tsaya. Akwai wata tsutsar ciki, Echinococcus, ƙarama ce ƙwarai, ba ta wuce 'yan milimita ba. Mahauta sun san alamarta ko da ba su san sunanta ba: wani ƙullutu mai ruwa a huhu ko hantar tunkiya, akuya, saniya ko raƙumi. Mahauci ya yanke wurin don kada mai saye ya gani. Ina yake jefawa? Gaban kare.

6/ Kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, shi ko a jikinsa. Yana gudu, yana haushi, lafiya lau. Amma bayan gidansa cike yake da ƙwai da ido ba ya gani. Su manne a gashinsa, su zauna a ƙasar tsakar gida, su shiga lambu kan salak da tumatir. Yaro ya shafa kare, ya kai hannu baki, shi ke nan.

7/ A jikin mutum irin wancan ƙullutun ne ke tsirowa a hanta ko huhu. A hankali yake girma, sai a shekara da shekaru ba a sani ba, kuma sau da yawa sai an kai ga tiyata. Lura fa: ba cin naman ke sa wa mutum cutar ba, ta hanyar kare take biyowa. Shi ya sa ranar layya, da ake watsa wa karnuka kayan cikin da aka ƙi, take ba ni tsoro.

8/ Mushe kuwa kada ma a fara. Dabbar da ta faɗi ta mutu haka kawai, ba ka san me ya kashe ta ba. A Yulin 2023 aka tabbatar da cutar antiraks a wata gona a Suleja, jihar Neja. A binne mushe da zurfi, kada a ce "ai kare ne zai ci".

9/ To sai a koma buhu kenan? Dakata. Abincin buhu mai kyau yana da abu guda da ba na musu a kai: an auna sinadaransa. Ɗan kwikwiyon babban kare da aka ɗora a kan tsoka zalla ba ya samun isasshen kalsiyam, sai ka ga ƙafafu sun lanƙwashe, ƙashi ya yi laushi. Buhu na gaske yana maganin wannan.

10/ Amma yawancinsa daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala. Sai ka je Kano ko Kaduna ka samo. Wanda ya sayi Bobul don burgewa, wata biyu ya gane cikin karen ya fi ƙarfin aljihunsa. Daga nan sai a koma wanda ake farke buhu ana aunawa a leda, ba suna, ba ranar lalacewa.

11/ Nan ma akwai mutuwa. Abincin buhu da yawa masara ce ginshiƙinsa, masara kuma idan ta ji danshi ta yi hunhuna tana fitar da gubar aflatoksin mai cin hanta. Mu da muke noma masara mun san yadda damina ke yi wa buhun da aka jingine a ƙasa. A ƙarshen 2020 aka janye abincin Sportmix a Amurka kan wannan gubar, bayan rahoton mutuwar karnuka da daga baya suka haura 100. A Amurka fa, inda ake sa ido.

12/ Kuma wannan ya shafi mai cewa "masarar nan ta lalace, a dafa wa kare". Tafasa ba ta kashe aflatoksin. Hatsin da ba za ka ci ba saboda hunhuna, shi ma bai dace da shi ba.

13/ Matsayata: a dafa. Kayan ciki, kai da ƙafa, ƙananan kifin Tiga, ƙwai, duk a tafasa su nuna har ciki, a haɗa da tuwon masara ko dawa mai kyau da ɗan kabewa. Hanta kaɗan kaɗan, yawanta na da illa. Ɓawon ƙwai a dafa, a busar, a daka ya yi gari a barbaɗa, shi ne kalsiyam ɗin talaka. Idan kwikwiyon babban kare ne, likitan dabbobi ya faɗa maka adadin, ko ka daure ka saya masa buhu a rufe har ya girma.

14/ A cire masa nasa kafin a zuba albasa da tafarnuwa, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza kuma tsagewa yake kamar tsinke, yana iya huda hanji. Ragowar miya kullum ba abinci ba ce.

15/ Na san mafarauta za su ce ɗanyen nama ke sa kare zafin nama a daji. Baba, da girmamawa, horo da ƙoshi ke sa wannan. In an farke abin da aka kamo, a dawo da kayan cikin gida a dafa masa, rabonsa bai ragu ba.

16/ Ko wanne ka zaɓa, maganin tsutsa dole ne. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar praziquantel ga kare aƙalla sau 4 a shekara don wannan tsutsar. Sai allurar haukan kare, wadda cibiyar Vom ta jihar Filato ke samarwa, a tambaya a ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Kwana biyu bayan ba shi maganin tsutsar, a ɗaure shi wuri guda, a kwashe abin da ya fitar a binne, yara kuma su wanke hannu da sabulu kafin su zauna cin abinci.