An Rufe wa Saniya Iyaka, An Buɗe wa Shaho



Ranar 19 ga watan Maris 2020 gwamnatin Nijar ta rufe iyakokinta saboda annobar korona. Filayen jirgin sama an sake buɗe su tun ranar 1 ga Agusta na wannan shekara. Amma iyakar ƙasa, wadda talaka da dabbarsa ke bi da ƙafa, sai 17 ga Yuni 2021 aka buɗe ta. Wata 15 ke nan, bazara biyu cur. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya cikin watan Afrilu da garke a bayansa ya san abin da bazara ɗaya take ci, balle biyu.

Ga kuma tsautsayi bisa tsautsayi. Najeriya ta riga ta rufe nata iyakokin tun Agusta 2019 saboda maganar shinkafa da man fetur, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Benin kuwa a ƙarshen 2019 ta hana shigar garkunan waje, sai da aka yi ta roƙo kafin ta yarda da kai 50,000 daga Nijar na 'yan watanni. Wanda ya tsallaka ya maƙale can, wanda bai tsallaka ba ya maƙale nan. Mahukunta suka ce kayan ciniki na iya wucewa, mutane ne ba su wucewa. To saniya kaya ce ko mutum? Buhun siminti yana tafiya cikin kamyo. Garke kuwa da ƙafarsa yake tafiya, kuma ba ya tafiya sai da makiyayi a gabansa. Wanda ya rubuta wannan doka bai taɓa kora ko akuya ba.

Kada wani ya ce ba mu san darajar killace cuta ba. Kakanninmu da suka sha wuyar bushiya, tun ba a san allura ba suke ware dabbar da ta kamu, su sauya mashaya, su aika wa maƙwabta su yi nesa. Mun yarda annoba gaskiya ce. Abin da ba mu yarda da shi ba, a ce doka ta zama taru mai kama ƙananan kifi, manya su yage ta su wuce.

Ku dubi abin da ya faru a Pakistan cikin wannan lokaci. Akwai wani tsuntsu ɗan uwan tujenmu, Larabawa na ce masa hubara. Kowace shekara in sanyi ya shigo yana taso wa daga ƙasashen tsakiyar Asiya, irin su Kazakistan, ya sauka cikin hamadar Pakistan. 'Ya'yan sarakunan ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suna bin sa can da shahunansu. A damin farauta na 2020 zuwa 2021, lokacin da duniya take kulle, gwamnatin Pakistan ta ba su takardun izini kamar yadda ta saba, kuma a Janairu 2021 suka sauka a lardin Balocistan. A shekarar 2020 ɗin nan da ta 2021 babu maniyyaci ko ɗaya da ya tashi daga Yamai ko Kano ya sauke farali, domin an hana baƙi aikin Hajji. Tsohon da ya sayar da bijimai biyar ya zuba kuɗin kujera, an ce ya yi haƙuri. Ya yi. Mai shaho ba a nemi haƙurinsa ba.

Wa ke ba da wannan takarda? Ma'aikatar harkokin waje, ba ta gandun daji ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa maganar ba ta tsuntsu ba ce. A takarda an ce kowane mai izini ya kama 100 cikin kwana 10. A Janairu 2014 Yarima Fahad bin Sultan, gwamnan Tabuka ta Saudiyya, shi da ayarinsa sun kashe 2,100 cikin kwana 21 a yankin Cagai, kuma ma'aikatan gandun dajin wurin ne da kansu suka rubuta lissafin. Kotun ƙolin ƙasar ta hana farautar a Agusta 2015. Gwamnati ta koma gabanta tana cewa gayyatar waɗannan baƙi ginshiƙi ce ta hulɗarta da ƙasashen waje. A Janairu 2016 kotun ta janye hanin. Wata 5 hukunci ya rayu.

Wani zai ce ina ruwanmu da Pakistan. Ruwanmu shi ne mun san mutanen nan, mun ga sawun tayarsu. A shekarun 1990 da na 2000 ayarin mafarauta daga ƙasashen Larabawa, har da na Libiya, sun yi ta ratsa dajin Tasker da Tarmit. Mutanenmu na arewacin Gure ba su bukatar a ba su labari. Motoci katkat jere, manyan motocin mai da na ruwa a baya, tantuna masu injin wuta, shahuna kan hannu da rufaffun idanu. Shaho ne ake nunawa, amma bindiga na cikin mota, kuma barewa ba ta tsere wa katkat. A kore ta har huhunta ya ƙare, sannan a sauko a yanka. Wannan ba farauta ba ce. Maharbin gargajiya yakan kwana uku yana bin sawu, ya dawo da guda ɗaya a kafaɗa, kuma ba ya harbin mai ciki.

Tuje kuwa ba kaza ba ne. Ƙwai ɗaya ko biyu take yi a ƙasa tsirara, in aka ɗauke uwa an ɗauke shekara. Kuma abincinsa fara ce da ƙwari. Duk tujen da ya faɗi, farar da zai ci ta rage wa ciyawarmu da geron manomi. Su ɗauki nama su tafi, mu a bar mu da fara da sawun taya, inda ciyawa kan daɗe ba ta sake tsiro ba.

Masu kare su na da hujja biyu, bari mu auna. Ta farko, wai suna kawo alheri: rijiya, masallaci, buhunan shinkafa, aikin jagora ga samari. Ba mu musu ba, an ga wasu. Amma kuɗin takardar izini fa, nawa ne, kuma asusun wa ya shiga? Wane arɗo ko garso aka taɓa kira aka nuna masa takardar, aka ce ga iyakar wurin, ga adadin da aka yarda, ga rabon gundumarku? Kyautar da baƙo ya ga dama ya yi daban, haƙƙin mai wuri daban.

Ta biyu, wai su ne ma ke raya namun dajin. Gaskiya ne sun gina gidajen ƙyanƙyasar hubara, kamar na Misur a Maroko tun 1995, suna sakin dubbai. Gaskiya ne kuma da taimakon Abu Dabi aka mayar da mariri dajin Cadi a 2016, bayan ya ƙare a daji ƙarƙaf. Madalla. Sai dai mu makiyaya mun san bambancin saniyar da ta tashi a turke da wadda ta san hanyar mashaya tun tana maraƙa. Kuma tujenmu na Sahel jinsinsa daban ne da hubarar da suke kiwo. Jiminar Ayar da ta ƙare, sai mutum ya je gidan kiwo na Kelle ya gan ta bayan waya.

Abin da ya fi ba mu tsoro ma ba tsuntsun ba ne, ƙasar ce. Ku tambayi Masai na Loliyondo a Tanzaniya, makiyaya ne kamarmu. A 1992 aka ba wani kamfani mai shirya wa sarakunan Dubai farauta izini a makiyayarsu. A 2009 da 2017 aka ƙone musu rugage. A Yuni 2022 jami'an tsaro suka zo suka kafa turaku, aka yanke murabba'in kilomita 1,500 daga wurin da suke cin rani, aka ce gandun daji ne. Da takardar farauta ɗaya abin ya fara.

A nan gida dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. Akwai dokar farauta ta 1998. Akwai yarjejeniyar Sedeyawo ta 1998 wadda ta kawo takardar tsallaka iyaka da garke, ko da yake Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025. Akwai dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na asali da gwamnati za ta kare. An kafa gandun Tarmit da Tin Tuma a 2012, a 2019 kuma aka yanke wani babban yanki nasa saboda haƙar man fetur. Yaron da saniyarsa ta shiga gandu da tako goma ya san tara. Ashe iyakar gandu tana motsawa, sai dai ba don saniya ba.

Da an so, a 2020 ɗin nan, ai malamin asibiti ɗaya a kowace mashiga ya isa. Makiyayan da ke bin garke ba su wuce uku ko huɗu, ba su kai fasinjan mota ɗaya ba. A duba su, a duba takardar allurar dabbobi, su wuce daji inda ba kowa. A maimakon haka aka tara garkuna a bakin rijiyoyi 'yan kaɗan, aka haɗa cunkoson da aka ce ana gudu. Dusa da angurya suka yi tsada, saniya ta rame, falke ya rasa hanyar kai ta Maigatari ko Illela, aka sayar da ta kuɗin tunkiya.

Don haka muna kira ga mahukunta, tun wata annoba ba ta zo ba, a rubuta a ajiye yadda garke zai tsallaka iyaka ran da aka rufe ta, a zauna da maƙwabta a sa hannu. Duk takardar farautar da za a ba baƙo cikin yankin kiwo, a karanta ta a rediyo da Hausa da Fulatanci da Tamajek da Tubanci kafin mota ɗaya ta shigo, da sunan mai ita da kuɗin da ya biya. Ku kuma garsaye da shugabannin rugage, in kun ga ayari, ku ƙirga motoci, ku riƙe rana da sunan rijiyar da suka sauka, ku aiko wa reshen ƙungiya mafi kusa da ku.