Takardun Zama a Kanada: Taimako Ne Ko Kwasar Ganima?

Abin takaici ne a ce matashin da aka ilmantar da dukiyar talakawa har ya zama likita, yau ba shi da buri sai harhaɗa takardun neman zaman dindindin a Kanada.

Tun 2015 da ƙasar ta fito da tsarin Express Entry, da maki ake auna mutum kamar rago a kara. Sai ya ci jarrabawar Turanci irin ta IELTS, wadda sakamakonta ke mutuwa bayan shekara 2. Sai ya biya wata hukumar can ta tantance digirinsa. Sai takardar 'yan sanda daga duk ƙasar da ya zauna wata 6 a jere a cikin shekara 10 da suka wuce, bayan ya cika shekara 18, da shaidar kuɗi a banki, da gwajin jini da hoton ƙirji. In an gayyace shi, kwana 60 kacal gare shi ya miƙa komai. Yana cika shekara 30 makin shekarunsa zai fara zubewa, a 45 ya koma sifili.

Wai wannan taimako ne? A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa Nijeriya cikin ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya. A wannan shekarar ce Kanada ta fara gayyata ta musamman ga ma'aikatan lafiya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Amma babban laifin na azzaluman mahukuntan da suka kashe asibitocin gida ne, su kuma ko ciwon kai sai Landan. Matashin ya tafi, mai naƙuda a ƙauye wa zai duba ta?